Ranar Da Aka Dawo Da Kifin Awatif

Kamfanin Azrak ya kulle wa Awatif manhajar da take fitar da rasit ana gab da Sham Nasim, bikin bazara da kowane gida ke cin kifin gishiri, motar kifinta na tsaye a ƙofar sito a Alƙahira, rana na dukanta. Ba bashi suke bin ta ba. Kuɗin shekara ta biya shi cif tun farkon sanyi. Sabuwar manhaja suka fito da ita, suka ce tsohuwar ta mutu, mai son ci gaba da sana'a ya sake biya. Sun aiko da gargaɗi, wannan ba wanda zai musa musu. Gargaɗin ya sauka a wayar ƙanenta Wagdi, shi kuwa ya karanta, ya yi tsalle, ya ruga ya yi wa abokansa 'yan hannun jari albishir. Yayarsa ce kawai bai gaya wa ba.

Awatif ita ce babbar 'yar Mu'allim Gabir, mai shagon fasik, wato kifin gishiri, a bakin gada a garin Nabaro. Tana tsakiyar sakandare uwarsu ta rasu wajen haihuwar Wagdi. Uban ya dubi jaririn ya dube ta, bai ma buɗe baki ba ta ajiye jakar makaranta. Da yaron a kafaɗa ta koyi aikin gidan: yadda ake zaɓar kifin buri, yadda ake shanya shi har ya kumbura, yadda ake ɗura masa gishiri a jera a gangar katako a rufe, a yi ta haƙuri har ya nuna. Ta yi aure, mijin ya tafi Libiya neman na kansa, ya dawo da ciwon ƙoda, ta yi jinyarsa har ya cika. Ta aurar da 'ya'yanta mata biyu. Ta kai Wagdi jami'a ya karanta kasuwanci, ta kama masa gidan da yake zaune da matarsa. Duk daga cikin gangar nan.

Fasik ba abincin wasa ba ne. In mai haɗa shi ya yi ganganci, gida guda sai a kwashe su zuwa asibiti ranar biki, wani ma ba ya dawowa. Shi ya sa ba mai sayensa sai a wurin wanda ya yarda da hannunsa. A sana'ar nan in aka ce an dawo wa wane da kifinsa, magana ta ƙare, ba a tambayar dalili. Tun da Mu'allim Gabir ya kafa shagon har ya koma ga Allah ba a taɓa dawo masa da ko wutsiya ba. 'Yarsa ma haka.

Babban mai sayenta shi ne Hajj Mitwalli, mai kantuna a Shubra cikin Alƙahira. Da ubanta suka fara, Fatiha suka karanta suka tafa, shi ke nan yarjejeniyar. Kowace shekara in biki ya matso, fiye da rabin abin da ta sa wa gishiri shi ke kwashewa. Usta Ragab direba zai yi lodi bayan sallar asuba, ya shimfiɗa ƙanƙara, ya ja tamfol, ya kama hanya. In ya isa a ɗora kayan a sikelin Hajj, ya bugo ya faɗi nauyi, sannan ita ta rubuta rasit. Haka aka saba, don kifi na zubar da ruwa a hanya, Awatif kuwa ba ta karɓar kuɗin ruwa.

Da hukuma ta ce daga yanzu rasit sai na na'ura, wanda zai bi ta wurin masu haraji ya fito da lamba, Awatif ba ta yi gardama ba. Yatsunta ne matsalar. Gishiri ya cinye su, sun tsattsage sun yi kanta, har gilashin waya ba ya gane mutum ne ke taɓa shi. Wagdi, da ke kiranta Abla, wato yaya, ya yi dariya ya ce, "Abla, bar mini wannan, fagena ne. Ke dai riƙe gangunanki." Shi ya zaɓo Azrak, ya buɗe wa shagon asusu da lambar wayarsa, ya kawo mata wata faffaɗar waya ya jingina bayan sikeli, ya nuna mata inda za ta riƙa dannawa da gaɓar ɗan yatsa. Ta ji daɗi ƙwarai. Ta bi maƙwabta tana gaya musu karatun Wagdi ya yi rana.

Wagdi ma'aikaci ne a ofishin kuɗi na wata makaranta, albashinsa ba ya ganin tsakiyar wata. Amma a waya wani mutum ne daban. Yana cikin wani zaure da suka raɗa wa suna Zakunan Kasuwa, malamai ne da masu kemis da 'yan fansho, kowa ya laɓe bayan laƙabi, a wuni ana musu kan hannun jarin da zai tashi da wanda zai faɗi. Nasa laƙabin Shaho, in an so girmama shi a ce masa Basha. Ya lallaɓi matarsa Tahani ta ba shi awarwaronta na zinare, ya sayar, ya sayi hannun jarin Azrak, wanda 'yan zauren ke kira Amarya. In farashi ya hau, allo ya yi kore, sai saƙo ya yi ta zuba: "Amarya ta sha kore yau!" In ya sauka ya yi ja: "A yi haƙuri, shagwaɓa ce, za ta sauko."

Da gargaɗin ya iso masa, cewa ranar kaza za a rufe tsohuwar manhaja, ba mai fitar da rasit sai ya sayi sabuwa, Wagdi ya ɗauki hoton saƙon, ya goge sunan shagon, ya jefa a zaure.

"Jama'a, daga majiya mai ƙarfi. Kar wanda ya tambaye ni wace ce."

"Allahu Akbar! Shaho ya sauko da nama!"

"Tsaya Basha, wato kowa sai ya sake biya? Har wanda ya biya na shekara?"

"Har shi. Ina za shi? In ya bar su sai ya koma rajista daga farko, wa ke da wannan lokacin?"

"To ribar wata ukun nan za ta yi kyau ke nan."

"Kyau kawai? Ka tanadi buhu."

Wani mai kiran kansa Dattijo ya rubuta cewa shi tsoronsa ɗaya, kar kamfanin ya ji tausayi ya ƙara wa'adi. Wagdi ya hayayyaƙo masa: in suka kuskura suka ƙara ko yini guda, shi zai sayar da nasa, don kamfani ba gidan marayu ba ne. Aka yi ta tura masa hoton tafi.

Juma'ar makon ya zo cin abinci gidan Awatif kamar kullum, da matarsa da yara. Ta dafa agwagwa da shinkafa. Yana ci da hannu ɗaya yana latsa waya da ɗayan, yana ta murmushi shi kaɗai.

"Kai Wagdi, da wa kake dariya, da aljanu?"

"Arziki ne ke ƙwanƙwasa ƙofa, Abla. Akwai wani kamfani, duk masu hulɗa da shi ya riƙe su a wuya. Sun so sun ƙi, sai sun biya."

"Wannan ai fashi ne."

"Ke ba za ki gane ba. Mu a kasuwa sunansa kuɗin shiga tabbatacce."

"Allah ya raba mu da irinsa. Ungo cinya."

Ya karɓi cinyar ya cinye, ya suɗe ƙashi, bai ce mata uffan ba. Wasu sun ce mantawa ya yi. Shi da bakinsa daga baya ya ce niyyarsa in farashi ya hau ya sayar da kaɗan ya biya mata a ɓoye, ya ba ta mamaki. Ko ma wanne ne, a wurin Wagdi Azrak biyu ne. Akwai Amaryarsa ta cikin waya, akwai kuma wani abu can da ke jingine bayan sikelin yayarsa, kuma bai taɓa zama ya haɗa su wuri ɗaya ba.

Biki zai kama Litinin. Ranar Alhamis da hantsi Usta Ragab ya bugo daga Shubra ya faɗi nauyi. Awatif ta goge hannu a gaban riga, ta danna inda ta saba dannawa. Sai ga hoton wata yarinya mai murmushi ya cika allon, da rubutu a ƙasa: barka da zuwa sabon zamani, a biya a shiga. Ta danna baya, yarinyar ta dawo. Ta kashe ta kunna, yarinyar na nan tana washe baki.

Ta kira ƙanenta.

"Wagdi, abin nan naka ya haukace. Wata yarinya ce ta tare mini hanya, wai in biya."

Ta matsa wayar a kunne ta ɗaga murya.

"Kana ji na kuwa?"

"Abla... yau nawa ga wata?"

Daga yadda muryarsa ta karye ta gane ba yau ya fara jin maganar ba. Amma ba lokacin faɗa ba ne. Ya iso a tuktuk, keke mai ƙafa uku, yana gumi, ta jawo aljihun tebur ta miƙa masa kuɗi, ya ruga ya biya. Saƙo ya shigo: an gode, an sa ku a layi, za a mayar da bayananku cikin sabuwar manhaja bayan hutun biki. Bayan biki! Ya buga lambar kamfanin, suka sa masa kiɗa. Ya sake bugawa, kiɗa. Da ƙyar wani saurayi ya ɗauka, Awatif ta fizge wayar ta zayyana masa komai.

"Hajja, ai tun tuni muka aika muku saƙo."

"Na biya yanzu. Buɗe mini."

"Kowa ma yau ya biya, Hajja, layin da tsawo. Akwai tsarin zinare na masu gaggawa, amma shi ma ya cika. Akwai wani abin da zan taimaka miki da shi?"

Usta Ragab kuwa sai kira yake yi. "Mu'allima, ƙanƙara ta zama ruwa. Na sayo wadda na samu, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Ƙudajen Shubra kaf sun zo mana gaisuwa."

"Ƙara haƙuri, Usta, yanzu za ta buɗe."

Ta yarda da hakan har zuciyarta. Ita a saninta, wanda ya biya ana ba shi abinsa. Da ta sani da tun kiran farko ta ce ya juyo, amma ta yi ta riƙe shi a rana tana kallon allo.

Da azahar ta wuce ta kira Hajj Mitwalli da kansa.

"Hajj, sauke kayan ka sa a ɗakin sanyi, rasit ya biyo baya. Ko in rubuta maka da hannu kamar da."

"'Yar Gabir, wallahi da a hannuna abin yake. Makon nan masu duba abinci shiga sito suke yi ba sallama. Su tarar da fasik ba lamba, ba a san daga inda ya fito ba, su kwashe, su garƙame mini kanti, gobe in ga hotona a jarida. Kin yarda a yi mini haka da furfurata?"

"Fatihar da kuka karanta da ubana fa?"

"Allah ya jiƙan ubanki. Lokacin ba na'ura."

Ya jira ta har la'asar, wannan a ba shi haƙƙinsa. Sannan ya kira wani mai fasik na garin Dasuk.

Motar ta shigo Nabaro daf da magariba, daidai lokacin da maza suka cika gidan shayi, kuma ba hanyar shagon sai ta gabansu. Tamfol ɗin na nan a kumbure yadda ya tafi, ruwa na ɗiga a kwalta. Masu karta suka ajiye karta. Kowa ya bi motar da ido.

Awatif ta hau bayan motar da kanta. Ta buɗe, ta danna tsoka, ta sunsuna, ta sake buɗe wata. Ƙila lafiyarsa lau. Ƙila kuma ba lafiya ba. Kifin da ya wuni a rana ba mai iya rantsuwa a kansa.

Wagdi ya matso ya rage murya. "Abla, a ƙara masa gishiri mana, a kai ƙauyuka a karya farashi. Wa zai sani?"

"Ɗauki ɗaya ka ci. Ka kai wa 'ya'yanka ɗaya. In kun wayi gari, in sayar da sauran."

Ya sunkuyar da kai.

Washegari ta sa aka haƙa rami a bayan gari, aka juye kifin kaf, aka zuba farar ƙasa aka rufe. Abin da ya kamata ta yi ke nan, kuma shi ya ƙarasa ta. Mutane suka ce, kun gani ko, in ba ruɓaɓɓe ba ne me ya sa ta binne? Sauran gangunan da ke shago, waɗanda ko ƙofa ba su leƙa ba, su ma zargin ya hau kansu. Matan da iyayensu suka sayi fasik a hannun ubanta suka riƙa gaishe ta daga tsallaken titi.

"Hajja, bana likita ya hana maigida gishiri," in ji ɗayarsu.

"Allah ya ba shi lafiya."

Jim kaɗan ta hango matar ta fito daga shagon gaba da leda niƙi-niƙi da damin albasa. Ranar Litinin gari ya fita gonaki da bakin ruwa, kowa da gurasa da lemun tsami da kifinsa, Awatif na zaune a ƙofar shago da hannu a cinya. Rabonta da zama ranar Sham Nasim tun tana 'yar makaranta.

Tahani ce ta kawo mata sauran labarin. Haushin awarwaronta na cin ta, ta ɗauko wayar mijin yana wanka, ta zo ta karanta mata saƙonnin ɗaya bayan ɗaya, har da na gidan marayu. Awatif ta saurara har ƙarshe. Da aka zo kan wannan kalmar ta ce, "Maimaita." Tahani ta maimaita. Ta gyaɗa kai kawai. Ita ce ta raini marayan da ya rubuta ta.

Bayan 'yan makonni Azrak ya fitar da sakamakon ribarsa, zaure ya kaure da guɗa. Ribar da Shaho ya samu ba za ta sayi ganga ɗaya cikin waɗanda aka binne ba, amma ana ta kiransa gwani. Aka shirya hira ta murya da wani jami'in kamfanin, Ustaz Hazim, bayan an tashi kasuwa. Tahani ta tsegunta mata lokacin. Awatif ta rufe shago, ta tafi gidan Wagdi ta same shi a falo da abin ji a kunne. Ta zauna kusa da shi.

"Cire wannan. Sa kowa ya ji."

"Abla, don Allah..."

"Sa."

Muryar Ustaz Hazim ta fito a tausashe. Yana cewa kusan duk abokan hulɗarsu sun rungumi sabuwar manhaja da farin ciki, waɗanda suka tafi ba su kai a ƙirga ba. Wani ya tambaya yaushe za a sake wata sabuntawar. Ya ce baɗi in Allah ya so, har ma an fara tsara ta. Aka yi shewa.

"Ɗaga hannu, ko me kuke ɗagawa," in ji Awatif.

Ya danna. Shugaban zauren ya ce, "Shaho na da tambaya! Bismillah Basha, mai majiya mai ƙarfi."

Ta karɓi wayar ta kai bakinta kamar mai kiran mutum daga ƙetaren kogi.

"Ba Shaho ba ne, majiyar ce da kanta. Sunana Awatif Gabir, fasik nake sayarwa a Nabaro. Saƙon da kuka yi wa tafi, nawa ne. Kai mai daɗin murya, na biya ku na shekara, kun rufe ni a tsakiyarta. Na sake biya, kun ce in jira bayan biki. Kifi yana jiran bayan biki ne a garinku?"

"Wa ya bar wa mamarsa waya?" in ji wani.

"Wallahi warin ya iso nan Iskandariyya!" in ji wani, aka fashe da dariya.

Ustaz Hazim ya yi gyaran murya. "Hajja, mun ji zafin abin da ya same ki ƙwarai. Ki shigar da ƙorafi ta cikin manhaja, akwai sashen da ke..."

"Ba kuɗi na zo roƙo ba, ɗana. Mutane sun ce kifina ruɓewa ya yi. So nake ku faɗa da bakinku cewa..."

Sai ta ji tana magana ita kaɗai. Sun rufe mata baki daga can. Ta jiyo shugaban zauren na ba Ustaz Hazim haƙuri, yana cewa a koma kan lissafi, kowace kasuwa da masu kuka. Daga nan allon ya canza. Wagdi ya karɓi wayar ya duba.

"Kin ga abin da kika ja mini? Sun cire ni daga zauren!"

Awatif ta miƙe. Ta gyara mayafinta ta fita. Tun ranar ba a sake dafa agwagwa da Juma'a a gidanta ba.

Manhajar ta buɗe bayan hutu kamar yadda suka ce, tana aiki sumul, sai dai babu wanda za a rubuta wa rasit. Ta kira Hajj Mitwalli kan kakar baɗi. Ya ce shi ya san gaskiya, amma 'ya'yansa ke riƙe da kantunan yanzu, kuma masu saye sun ji labari, har tambaya suke ko na matar nan ne ta Nabaro. Ya ce a bari ƙura ta lafa. Mutumin Dasuk kuwa ya riga ya kafa allonsa a ƙofar kowane kanti. Awatif na nan tana buɗe shago kullum da safe, tana sa wa 'yan gangunan da za ta iya sayarwa gishiri, tana wanke sauran tana kifewa a jikin bango. Ta shigar da ƙorafin, Tahani ta rubuta mata. Amsa ta zo nan take: an gode, a ba sabuwar manhaja taurari nawa?

To ku masu Azrak, da kai Ustaz Hazim mai taushin murya, ba a ce ku tono kifi ku biya ba. Na'urarku ta san ranar da kuka kulle, ta san lokacin da matar nan ta biya, ta san sanda kuka ga damar buɗewa. Ku ɗauki waya ku kira Hajj Mitwalli da 'ya'yansa ku gaya musu. Ku rubuta a takarda mai hatiminku cewa kullen da kuka yi ne ya tsayar da motar Awatif Gabir a rana, lafiya lau kifinta ya bar Nabaro, ku aiko wanda zai karanta ta da ƙarfi a gidan shayin bakin gada. Ku kuma Zakunan Kasuwa, ku buɗe mata bakin da kuka rufe, ku zauna ku ji ta ƙarasa maganarta. Ku yi shi yanzu, kafin a fara sa gishirin baɗi.